Yadda Ake Gane Mai a Cikin Dutsen da Ido Bai Gani: Daga Birnin Gwari Zuwa Rijiyar Kolmani

Duk wanda ke cikin guruf na WhatsApp na 'yan unguwa ko na tsofaffin ɗalibai ya taɓa cin karo da irin wannan bidiyon. An zura guga a rijiya, an jawo ruwa mai maiƙo a samansa, wani ya ƙyasta ashana ruwan ya kama da wuta, sai kabbara ta tashi. A ƙasa an rubuta: "An gano man fetur a garinmu." Kafin magariba an tura shi guruf goma, kuma tuni wasu sun fara tambayar kuɗin fili a wajen.

A wuri irin Birnin Gwari, da ke yammacin jihar Kaduna, tambayar ba ta wauta ba ce. Mutanen yankin sun ga zinari na fitowa daga ƙasarsu tun zamanin Turawan mulkin mallaka, kuma har yau ana haƙarsa a dazukan da ke kewaye da garin. Ƙasar da ta ba da zinari, me zai hana ta ba da mai, tunda ga shi an ce an samu a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe?

Amsar tana cikin dutsen kansa. Akwai fannin ilimi guda da aikinsa ke nan, ana kiransa fetrofiziks, wato auna halayen dutse da abin da ke cikinsa. Masu wannan aiki ba sa ganin dutsen da suke magana a kansa, domin yana can ƙasa da nisan kilomita uku ko huɗu. Abin da suke da shi shi ne jerin lambobi da wasu na'urorin sensa suka turo daga cikin rami mai faɗin da bai wuce na faranti ba. Daga waɗannan lambobi ake yanke hukuncin zuba biliyoyin daloli ko a tattara kaya a bar wurin.

Mai ba tafki ba ne a ƙarƙashin ƙasa

Mutane da yawa suna zaton ɗanyen mai yana kwance ne kamar tafki a cikin kogo, sai dai a huda a zuƙo. Ba haka abin yake ba. Man yana cikin dutse ne, a 'yan ƙananan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashin da suka haɗu suka zama dutsen.

A cika mudu da gero har baki, sannan a zuba ruwa a hankali. Mudun zai sha ruwa mai yawa kafin ya fara zuba, domin akwai sarari tsakanin ƙwayoyin geron. Wannan sarari shi ne abu na farko da ake aunawa: kashi nawa na dutsen ne ƙofofi? Dutsen yashi mai kyau yakan kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Idan ya yi ƙasa da kashi 10, an fara shiga wahala.

Abu na biyu shi ne ko ƙofofin suna haɗe da juna, yadda ruwa ko mai zai iya ratsawa. Yumɓu yana riƙe ruwa da yawa amma ba ya saki, shi ya sa fadama ke kwana da ruwa. Yashin rafi kuwa ana zuba ruwa yake wucewa. Ma'aunin wannan sauƙin ratsawa sunansa darsi, daga sunan Henry Darcy, injiniyan Faransa da ya wallafa bincikensa kan tace ruwan birnin Dijon a 1856. Dutse na iya cika da mai ya hana shi fita, kuma irin wannan bai da amfani ga mai haƙa sai da ƙarin dabaru masu tsada.

Abu na uku shi ne abin da ke cikin ƙofofin. Ba a taɓa samun dutsen da mai kaɗai ya cika ba. Kullum akwai ruwa, galibi mai gishiri, manne da ƙwayoyin yashin. Tambayar ita ce kashi nawa ruwa, kashi nawa mai ko iskar gas.

Dalilin da ya sa Birnin Gwari ta samu zinari

Ɗanyen mai yana samuwa ne daga ragowar ƙananan halittun ruwa da suka mutu suka nutse cikin laka a gindin teku ko tafki, ƙasa ta yi ta taruwa a kansu na miliyoyin shekaru. Idan zafi ya kai kimanin digiri 60 zuwa 120 a ma'aunin Salshiyos, ragowar takan narke ta zama mai. Idan zafin ya wuce haka sai ta koma gas, idan ya ƙara wucewa sai komai ya ƙone. Kenan ana buƙatar kwari mai zurfi da yashi da laka suka cika hawa-hawa, kamar yankin Neja Delta, ko kwarin Binuwai, ko na Tafkin Chadi, ko na Sakkwato, ko na Bida.

Birnin Gwari ba ta kan ko ɗaya daga cikinsu. Tana zaune ne a kan tsohon dutsen tushe, wanda masana ke cewa shi ne ginshiƙin ƙasar Najeriya. A taswirar masana duwatsu akwai wani zirin dutse da aka raɗa wa sunan garin, zirin Birnin Gwari, kusa da wani da ake kira na Kushaka. Waɗannan duwatsu sun sha matsi da zafi mai tsanani kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, lokacin da manyan sassan nahiyar Afirka ke haɗuwa. Zafin ya wuce wanda mai zai jure nesa ba kusa ba, matsin kuma ya toshe ƙofofin dutsen, ta yadda abin da ya rage bai taka kara ya karya ba.

Wannan zafin da ya hana mai shi ne ya kawo zinari. Ruwa mai tsananin zafi ya riƙa bin tsagogin dutsen ɗauke da ma'adanai, ya sauke su a cikin jijiyoyin farin dutsen da masu haƙa ke bi a yau. Shi ya sa ake samun zinari a Birnin Gwari da Anka da Maru a Zamfara, ba a samun mai. Haka kuma matatar mai ta Kaduna, da aka buɗe a 1980, ba daga ƙasar Kaduna ta riƙa samun ɗanyen manta ba. Bututu ne ya riƙa kawo shi daga kudu.

Akwai wuraren da aka samu mai a cikin tsagogin dutsen tushe, kamar kwarin Bongor a Chadi da filin Bach Ho a tekun Biyetnam. Amma a can man ya gangaro ne daga dutsen laka da ke jingine da tushen. Inda babu wannan maƙwabcin, babu inda man zai fito. Idan kuwa aka ga rijiyar gida tana kamawa da wuta a gari mai irin wannan dutse, abin da ya kamata a fara dubawa shi ne tankin gidan mai mafi kusa ko tsohon bututu da ke yoyo. Abin da ke kama wuta nan take da ƙyastawar ashana, mai warin fetur ko kananzir, ya fi kama da tataccen mai. Irin wannan ruwa haɗari ne ga masu shansa, kuma hukumar lafiya da ta muhalli ya kamata a kira.

Abin mamaki, mutanen Birnin Gwari sun san fasahar da ta haifi fetrofiziks, ko da ba su san sunanta ba. Kafin a haƙa rijiyar burtsatse a ƙasa mai dutse, akan ga 'yan safiyo sun zo da batir da nadin waya, suna kafa sandunan ƙarfe huɗu a layi ɗaya, suna matsar da na gefe nesa-nesa. Wutar lantarki suke turawa cikin ƙasa su ga inda take wucewa da sauƙi, domin a nan ne dutse ya ruɓe ko ya tsage ya tara ruwa. Tsarin jera sandunan da aka fi amfani da shi sunansa tsarin Schlumberger, daga Conrad Schlumberger, Bafaranshen da ya fara gwada dabarar a 1912. A ranar 5 ga Satumba 1927, ma'aikatan kamfanin da ya kafa da ɗan'uwansa Marcel suka ɗauki wannan dabara suka zura ta cikin rijiyar mai a Pechelbronn, a yankin Alsace na Faransa. Suna saukar da na'urar su tsaya, su rubuta lamba da hannu, su ƙara saukarwa. Wannan shi ne rikodin rijiya na lantarki na farko a duniya.

Sensa a ƙarshen igiya

Na'urar yau doguwar sanda ce ta ƙarfe, wani lokaci ta fi mita 20 idan an jona sassanta, ana saukar da ita da igiya mai wayoyi a ciki. Ana kai ta ƙasan rijiya sannan a riƙa jawo ta sama a hankali, tana ɗaukar awo kusan kowane rabin ƙafa. Wayar hannu takan yi gargaɗin zafi idan an bar ta a gaban mota a watan Afrilu. A cikin ƙasa zafi yana ƙaruwa da kimanin digiri 25 zuwa 30 a kowane kilomita, don haka a zurfin kilomita huɗu ya zarce na tafasar ruwa. Ana ƙera yawancin waɗannan na'urori su yi aiki har digiri 175, ga kuma matsin da zai murƙushe mota.

Sensa ta farko ba ta tura komai, saurare kawai take yi. Kowane dutse yana fitar da ɗan tururin gama daga sinadaran fotasiyam da toriyam da yuraniyam da ke cikinsa. Dutsen laka yana da su da yawa, tsabtataccen dutsen yashi yana da kaɗan. Idan layin ya karkata dama, laka ce. Idan ya dawo hagu, an shigo yashi, kuma nan ne ake sa ido. Da wannan layi kaɗai ake raba rijiya gida-gida, a san kaurin kowane shimfiɗin yashi.

Ta biyu tana auna nauyin dutse. Tana ɗauke da ɗan ƙaramin sinadarin siziyam mai fitar da tururin gama, tana harba shi cikin bangon rijiya, tana ƙirga wanda ya dawo. Dutse mai nauyi yana shanye da yawa. Lissafin da ke biye ɗan sakandare zai iya yin sa. Ƙwayar yashi zalla tana da nauyin giram 2.65 a kowane kubik santimita, ruwa yana da 1.0. Idan na'ura ta ce nauyin dutsen 2.32 ne, sai a cire shi daga 2.65, a samu 0.33, a raba da 1.65, wato tazarar da ke tsakanin yashi da ruwa. Amsa 0.20. Kashi 20 cikin 100 na dutsen ƙofofi ne.

Ta uku tana harba niyutron, ƙwayoyin da ke rage gudu idan sun yi karo da haidirojin. Ruwa da mai duk cike suke da haidirojin, don haka ita ma hanyar auna ƙofofi ce. Amfaninta na musamman yana fitowa idan aka ɗora layinta a kan na nauyi. A cikin ruwa ko mai, layukan biyu suna tafiya kusan tare. A cikin gas, wanda ba shi da nauyi kuma haidirojinsa a warwatse yake, sensar nauyi takan ce ƙofofi sun yi yawa, ta niyutron ta ce sun yi kaɗan, sai layukan su tsallake juna su buɗe baki. Ana shafa wa wannan gibi launi a kan allo, kuma ƙwararre na hango shi daga bakin ƙofa ya san gas ne.

Akwai mai auna saurin sauti a cikin dutse, akwai mai aiki da maganaɗisu irin na'urar hoton MRI ta asibiti, akwai mai ɗaukar hoton bangon rijiya, akwai mai manna baki a bango ta zuƙo ɗan ruwan dutsen a kwalba. Amma uwa a cikinsu har yau ita ce jikar waccan ta 1927, mai auna turjiyar dutse ga wutar lantarki.

Lissafin Archie, da inda yake yaudara

Ruwan gishiri yana wuce da lantarki cikin sauƙi. Mai da gas ba sa wucewa da shi, haka ma ƙwayoyin yashi. Don haka dutsen yashi da ruwan gishiri ya cika yana da ƙaramar turjiya, wanda mai ya kore yawancin ruwansa kuwa turjiyarsa takan yi tsalle. An daɗe ana ganin wannan a kan takarda ba tare da an iya mayar da shi adadi ba, sai a 1942 da Gus Archie, injiniya a kamfanin Shell a Amurka, ya wallafa ƙa'idar da ta haɗa turjiya da yawan ƙofofi da kason ruwa. Har gobe da ita ake farawa.

Ga yadda take aiki a mafi sauƙin siffarta, kuma kalkuletar waya ta isa. A ɗauki dutsen nan mai ƙofofi 0.20. A ninka 0.20 da kansa, a samu 0.04. A ce na'ura ta auna turjiyar dutsen ta samu 40, a ma'aunin da ake kira om-mita. A ninka 0.04 da 40, a samu 1.6. A ce turjiyar ruwan gishirin da ke wurin 0.1 ce. A raba 0.1 da 1.6, a samu 0.0625, sannan a danna alamar √. Amsa 0.25. Kashi 25 na ƙofofin ruwa ne, kashi 75 mai ko gas. Da turjiyar dutsen 2.5 ce maimakon 40, amsar za ta fito 1, wato ruwa ne zalla, an yi asarar haƙa.

Yanzu a mayar da shi ganguna. A ce shimfiɗin yashin yana da faɗin murabba'in kilomita ɗaya da kaurin mita 10. Dutsen kenan kubik mita miliyan 10. Kashi 20 nasa ƙofofi, miliyan 2. Kashi 75 na ƙofofin mai, miliyan 1.5. Mai yana tsukewa idan ya hau sama gas ɗinsa ya fice, don haka a raba da 1.2, a samu miliyan 1.25. Kowace kubik mita tana da ganga 6.29, kowace ganga lita 159. Jimla kusan ganga miliyan 7.9.

A nan ne aikin yake da haɗari. Lambar nan 0.1, ta turjiyar ruwa, ba kullum ake da tabbacinta ba. A ce gaskiyarta 0.4 ce saboda ruwan bai kai gishirin da aka zata ba. A maimaita lissafin: 0.4 a raba da 1.6 ya ba da 0.25, a danna √ ya ba da 0.5. Ruwa ya koma rabi, man ya sauko zuwa kusan ganga miliyan 5.2. Kuskure a lamba ɗaya ya cinye ganga sama da miliyan biyu da rabi a fili ɗaya tak. Ruwan daɗi ma yana da babbar turjiya, har yakan yi kama da mai a kan allo, kuma wannan matsala ta fi damun kwaruruwan cikin ƙasa inda koguna da tafkuna ne suka shimfiɗa yashin. Laka da ta gauraya da yashi kuma tana yin akasin haka, tana rage turjiya har a tsallake mai na gaske ana zaton ruwa ne. Taɓon da ake haƙa da shi ma yana kutsawa cikin bango ya tura man baya, shi ya sa na'urar ke auna kusa da nesa a lokaci guda.

Saboda haka ba a yarda da lambobi su kaɗai. Ana yanko gunduwar dutsen daga ƙasa a kai ɗakin gwaji a auna ta kai tsaye, a gyara lissafi da ita. Daga ƙarshe kuma ana buɗe rijiyar a bar ta ta kwarara na wasu kwanaki, a ga ganga nawa take bayarwa a rana da yadda matsinta ke sauka. Wannan gwajin kwarara shi ne alƙali.

Yadda za a karanta labarin Kolmani

An daɗe ana neman mai a arewa. Kamfanin NNPC ya haƙa rijiyoyi 23 a ɓangaren Najeriya na kwarin Tafkin Chadi ba tare da samun abin sayarwa ba, sai alamun gas a biyu daga cikinsu. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanoni uku na waje suka haƙa rijiya ɗaya-ɗaya a kwarin Gongola, wanda reshe ne na kwarin Binuwai. Ta Shell, mai suna Kolmani River 1, ta ci karo da gas, amma aka ga bai kai a ci gaba ba.

A watan Fabrairun 2019 aka fara haƙa Kolmani River 2 a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi, kusa da iyakar Gombe. A watan Oktoba NNPC ya sanar cewa rijiyar ta kai zurfin ƙafa 13,701, wato sama da kilomita huɗu, kuma ta ratsa mai da gas a matakai da dama, a cikin duwatsun yashin da ake kira Yolde da Bima da waɗanda ke ƙarƙashinsu. Sanarwar ta ce man marar nauyi ne, kuma ana kan gwajin kwarara don a tabbatar ko ya kai na kasuwanci. A ranar 22 ga Nuwamba 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin raya filin, inda aka ambaci sama da ganga biliyan ɗaya na mai da gas kubik ƙafa biliyan 500.

Wanda ya bi lissafin da ke sama zai ga tambayoyin da ya kamata a yi wa irin wannan adadi. Ganga biliyan ɗayan, man da ke cikin dutse ne gaba ɗaya, ko wanda za a iya fitarwa? Bambancin ba ƙarami ba ne, domin a yawancin filayen duniya abin da ake iya fitarwa bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Rijiyoyi nawa aka haƙa kafin a fitar da adadin? Sensa tana ganin 'yan mitoci ne kawai kewaye da rami, sauran filin hasashe ne da ake yi da hoton amsa-kuwwar ƙasa, kuma kowace sabuwar rijiya tana iya ɗaga adadin ko ta sauke shi. Ganga nawa rijiyar ta bayar a rana lokacin gwaji? Duwatsun Bima tsofaffi ne, na zamanin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka fiye da shekaru miliyan 100 da suka wuce, kuma dutsen yashi da ya daɗe a zurfi yakan matse ƙofofinsa su ragu. Waɗannan tambayoyi ba ƙaryata samun man ba ne. Su ne waɗanda banki ke yi kafin ya ba da rance.

Jamhuriyar Nijar ta nuna tsawon tafiyar. An ga alamun mai a gabashin ƙasar tun shekarun 1970 da 1980, amma sai bayan kamfanin CNPC na Sin ya karɓi filin Agadem a 2008 ya haƙa rijiyoyi masu yawa sannan aka fara fitar da mai a 2011, zuwa matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram mai tace ganga 20,000 a rana. Bututun da ya kai man gaɓar teku a Jamhuriyar Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, sai a 2024 ya fara loda jiragen ruwa.

Netwok ɗin da ya fi kowane rauni

A rijiyoyin zamani ba a jiran a gama haƙa kafin a auna. Ana saka sensa a bayan haƙoran injin, suna aunawa ana haƙawa. A cikinsu akwai biyu da ke cikin yawancin wayoyin Android da iPhone: mai gane karkata, wadda ke juya allo idan an kwantar da waya, da mai gane maganaɗisun duniya, wadda ke nuna alƙibla. Da su injin ke sanin inda ya dosa, domin GPS ba ya ratsa ƙasa.

Matsalar ita ce turo saƙon sama. Babu waya, babu sabis. Dabarar da aka fi amfani da ita ita ce wani bawul da ke matse taɓon da ke gudana cikin bututun haƙa ya saki, matsin ya riƙa bugawa kamar bugun zuciya har ya iso sama, kwamfuta ta fassara shi zuwa lambobi. Gudun wannan hanya daga bit kaɗan ne zuwa 'yan gomomi a daƙiƙa. Mai ƙorafin 2G a hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari yana samun dubban ninkin haka. Hoto ɗaya na WhatsApp zai ɗauki sa'o'i kafin ya iso. Don haka ana turo muhimman lambobi kawai, sauran a ajiye a ma'adanar na'urar sai ta fito.

Abin da ke fitowa daga duk wannan aiki fayil ne mai suna LAS, tsarin da ƙungiyar masu rikodin rijiyoyi ta Kanada ta fito da shi. Rubutu ne zalla: bayanin rijiya a sama, sannan ginshiƙan lambobi, na farko zurfi, sauran awon kowace sensa. Girmansa sau da yawa bai kai na waƙa ɗaya ba, kuma kowace manhajar buɗe rubutu a waya tana iya nuna shi. Inda aka ga -999.25, alama ce cewa sensa ba ta ɗauki komai a wurin ba, kuma wanda ya manta ya cire ta kafin lissafi zai samu amsar da za ta ba shi dariya.

Bayanan rijiyoyin Najeriya suna hannun hukumar NUPRC, wadda dokar masana'antar mai ta 2021 ta kafa, kuma ba a sauke su kyauta. Amma akwai na koyo. A 2018 kamfanin Equinor na Norway ya saki bayanan filin Volve na Tekun Arewa ga ɗalibai da masu bincike, hukumar binciken ƙasa ta jihar Kansas a Amurka ma tana da dubban fayilolin LAS a shafinta. Ana iya kwafe ginshiƙan zuwa Google Sheets ko Excel a zana layukan, a yi lissafin ƙofofi da na Archie layi-layi. Mai ɗan sanin Python zai iya buɗe Google Colab a burauzar waya, ya sauke kunshin lasio, ya karanta fayil da layi biyu na umarni. Kamfanoni suna amfani da manhajoji masu tsada irin Techlog da Petrel, amma ƙa'idar da ke ƙarƙashinsu ita ce wannan.

Ga mai son bin fannin a makaranta, ƙofar ita ce karatun ilimin duwatsu, ko fiziks na ƙasa, ko injiniyancin man fetur. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen ilimin duwatsu, Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi tana da cibiyar binciken man fetur ta ƙasa, asusun PTDF kuma yana ba da tallafin karatu a waɗannan fannoni. Ilimin bai tsaya ga mai ba. Sensar turjiya da ta gama da ake zurawa a rijiyar Kolmani, ƙananan irinsu ake zurawa a rijiyar burtsatse don a san daidai zurfin da za a saka bututu mai huda, kuma kamfanonin ma'adanai suna zura su a ramukan gwaji kafin su kashe kuɗi kan jijiyar zinari. A Birnin Gwari, inda rijiya ke iya kai mita 60 a cikin dutse ta fito a bushe yayin da ta maƙwabci ke ambaliya, waɗannan ayyuka biyu su ne ƙasar ke buƙata.